Godiya ga duk wanda ya taya mu neman takardun Kaka

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, takardun aikin jirgin ruwa na marigayi kakanmu sun iso Zariya, sai yanzu hankali ya kwanta. Kun san faman da aka sha, ba sai na maimaita ba.

Gwaggo ta Tudun Wada, na san ba kya son a ambace ki, amma ki yi haƙuri. Ranar da aka buɗe adaka, aka tarar gara ta ci gefen littafin aikinsa, danshi ya manne shafukan, gaban kowa ya faɗi. Ke ce kika riƙe hannun yaron da zai ɓamɓare su da ƙarfi, kika ce a ajiye littafin a inuwa ya sha iska, a riƙa ɗaga shafi ɗaya-ɗaya da bayan wuƙa. Da an ja, da lambar littafin ta yage, kuma ita ce ke bambanta shi da masu irin sunansa. Allah Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya sa aljanna ce makomarki.

Masu tambayar yadda aka yi, suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Akawun jirgi yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, Muhammadu ya koma Momodu. Littafin ne ke nuna sunan kowane jirgi da ranar hawa da ta sauka. Namu ya nuna jiragen kamfanin Elder Dempster na Ingila masu zirga-zirga tsakanin Legas da Liverpool, har da Aureol. Daga nan sai a nemo lambar rajistar jirgin, domin da ita ake ajiye jerin sunayen ma'aikatansa.

Inda mutane ke ɓata kuɗi shi ne tambaya a inda takardar ba ta nan. Katunan ma'aikata na 1941 zuwa 1972 suna ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke unguwar Kew a Landan, a rukunin BT 382. Shi kuwa jerin ma'aikatan jirgi an raba shi: kaso mafi yawa na 1951 zuwa 1976 yana Jami'ar Memorial a Kanada, na shekarun da suka ƙare da 5, kamar 1955, yawanci yana gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a Landan. Ku aika lambar jirgi da shekara tare.

Malaminmu na sashen tarihi a Samaru da ya zauna ya karanta mana tsohon rubutun Turawa bai karɓi ko sisi ba, da ɗiyar maƙwabcinmu mai karatu a Landan da ta je Kew da kuɗin motarta ta ɗauko hotunan, Allah Ya biya ku da mafificin alheri, Ya albarkaci zuri'arku, Ya jiƙan mahaifanku.

'Yan uwan da suka ce ɓarnar kuɗi ce, suka daina ɗaga waya, ba komai, kakanmu ne duka. An yi wa kowane ɗaki kwafi, yana wurin Baffa a Ƙofar Doka. Na asali ba za a manna masa leda ba, zafin injin yana lalata tsohuwar takarda.

Za a yi wa Kaka addu'a ranar Juma'a bayan la'asar a gidan Baffa. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, amin.