Binciken da Na Yi Ni Kaɗai, da Wanda Muka Yi Taron Dangi

A shekarata ta uku a sashen agajin gaggawa na fara tara bayanai kan marasa lafiyar da ƙwayar cuta ta shiga jininsu. Ni kaɗai nake abina, bayan an tashi aiki, daga ni sai wani littafi mai baƙin bango. Abin da na gano ya sa ni murna ƙwarai: waɗanda aka ɗaura wa ruwa da wuri sun fi tashi. Har na fara hango sunana a mujalla.

Na kai wa babban likitanmu. Ya karanta tsaf, ya cire tabarau, ya ce, "Su wa ake ɗaura wa ruwan da wuri?" Na koma littafin. Ashe yawancinsu masu zuwa da rana ne, lokacin da ma'aikata suke cike, ɗakin gwaji a buɗe. Masu zuwa tsakar dare komai nasu a makare yake. Wato ban san ko ruwan na auna ba ko hasken rana.

Shi ya tuna mini da binciken Emanuel Rivers na 2001, wanda aka yi a asibiti guda a Detroit ta Amurka kan mutum 263 masu irin wannan ciwon. Duniya ta rungumi tsarinsa, na gaggauta ɗaura ruwa da ba da magunguna bisa wasu ma'aunai, fiye da shekara goma. Sai a 2014 da 2015 aka yi manyan gwaje-gwaje uku, ProCESS da ARISE da ProMISe, a asibitoci masu yawa, aka ga bai fi kulawar da aka saba ba. Wanda ya fi girgiza ni shi ne gwajin FEAST na 2011, a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani. Yaran da aka ɗaura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48. Su kansu likitocin da ke aikin ba haka suka zata ba, don da idonsu suna ganin yaran kamar suna farfaɗowa.

Daga nan na shiga wani bincike na haɗin gwiwa da wasu asibitoci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma ba wanda ya gaya mini yawan gardamar da ke cikin ɗaukar. Mun shafe makonni kan tambaya ɗaya: yaushe za a ce majinyaci ya iso? Sa'ad da ya shigo ƙofa, ko sa'ad da aka buɗe masa kati? Ga matsalar neman amincewar wanda yake a sume, dangi kuma suna kuka a bakin ƙofa. Batun sunan wa zai zo farko a takarda kuwa, na koyi a yanke shi tun kafin a fara, a rubuce.

Bayanan da suka fi inganci ba daga wurina suka fito ba. Wata nas ce mai aikin dare, takan manna filasta a bayan hannunta ta riƙa rubuta lokutan a kai, don ba ta da sukunin neman fom ana tsakiyar ceton rai. Na dage aka sa sunanta cikin marubuta.

Yanzu idan ana maganar tasirin bincike, sai a ƙirga sau nawa aka ambaci takardar mutum. Nima ina leƙawa, ba zan ɓoye ba. Amma ga gwajin CRASH-2 na 2010: mutum sama da 20,000 a ƙasashe 40, ya nuna maganin tranexamic acid na rage mutuwar masu zubar jini bayan haɗari, in an ba da shi cikin awa uku. Shekaru bayan haka, a wurinmu maganin yana kulle a kabad, makullin a wani ofis. Wannan nas ɗin ce ta tare ni wata safiya ta ce, "Likita, me ya hana mu ajiye shi kusa da gado?" A ranar muka mayar da shi aljihun farko na teburin gaggawa, kusa da sirinji.