Kwalbar maganin da na mayar a bakin get

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na miƙa makullin ajina, bayan shekara shida ina koyar da ƙananan yara masu buƙata ta musamman a wata makarantar kuɗi a nan Kano. Yarinyar da za ta gaje ni ta roƙe ni in rubuta mata abin da ya kamata ta sani. Na ɗauki biro zan fara da jadawalin hotuna, da lokacin kai yara bayi, da wanda ba ya jure ƙarar fanka, sai na ga duk wannan za ta tsince shi da kanta kafin sati biyu. Wanda ba a manna a bango ba shi ne abin da ya same ni a shekarata ta uku.

Kowa ya san takardar dokokin da ake miƙa wa iyaye ranar rajista. Tamu shafi huɗu ce, da Turanci, kuma rabin iyayen sa hannu kawai suke yi su ninke ta a jaka. Doka ta tara ta ce ba a karɓar magani daga hannun kowa sai da fom mai ɗauke da sa hannun likita da na uwa ko uba. Har gobe ba ni da ja da wannan doka. A ajin da yaro bakwai cikin goma sha ɗaya ba sa iya cewa "na riga na sha", kuskuren cokali ɗaya yana iya zama abin da ba a gyarawa.

Wata biyu kafin abin, wata uwa ta kira ni tana kan hanya ta ce in ba 'yarta farasitamol, na ba ta. Washegari Hajiya mai makaranta ta ba ni takardar tuhuma, aka zaftare mini naira dubu biyar, kuma ta faɗa a gaban malamai cewa ko 'yar gwamna ce ta zo da kwalba ba fom, a mayar da ita. Na riƙe wannan magana kamar karatun allo.

To ran wata Litinin, wajen takwas saura kwata, adaidaita ya sauke wata dattijuwa da ɗaya daga cikin yarana. Shekararsa huɗu, yana da galahanga, ga kuma farfaɗiya da ake bi da magani safe da dare. Uwarsa ce ke kawo shi kullum, wannan kakarsa ce. Ta ciro kwalba daga baƙar leda ta ce, "Malama, uwar tasa ta sauka jiya da dare, tana asibiti. Na yi na yi ya sha, ya tofar. Ta ce in kawo miki, ke yana jin maganarki."

Na ce, "Barka da arziki, Hajiya. Amma ki yi haƙuri, ba ma karɓar magani sai da fom."

Ta ce, "'Yar nan, wane irin fom? Ga sunansa nan a jikin kwalbar."

Sunansa kuwa yana nan, da awon da likita ya rubuta. Na gani da idona. Na sake ba ta haƙuri, na ce in an tashi sha biyu da rabi sai ta ba shi a gida. Ta ɗan tsaya tana kallona, ta mayar da kwalbar cikin leda, ta ce Allah ya kyauta, ta hau adaidaitan da ya kawo ta.

Abin da ke hana ni barci ba ƙin karɓar ba ne. Ban tambaye ta yaushe rabonsa da maganin ba. Da na tambaya, da na ji cewa na daren jiya ma bai sha ba, domin gidan ya rikice da naƙuda. Lambar ubansa tana cikin fayil, taku goma daga inda nake tsaye, ban kira ba. Zan iya cewa ta shigo ta zauna, ta ba shi da hannunta ni in riƙe shi, dokar ba ta hana wannan ba. Ko ɗaya bai zo mini ba, saboda a lokacin ba yaron nake gani ba, dubu biyar ɗina nake gani.

Sha ɗaya saura, muna kan tabarma ana waƙar ƙirge, ya miƙe zai je wurin tagar da ya saba tsayawa, sai ya sandare ya faɗi. Goshinsa ya daki gefen benci. Iya mai raino ta ruga neman cokali za ta cusa masa a baki, na daka mata tsawar da har yau nake jin kunyarta, don ta haife ni. Na juya shi gefe, na sa hijabina ƙarƙashin kansa, na kori yara zuwa ajin kusa, ina kallon agogon waya. An koya mana cewa in jijjigar ta haura minti biyar sai asibiti. Tasa ta kai shida. A adaidaita muka kai shi, jininsa a hannun rigata. Ɗinki uku aka yi masa, ya kwana biyu.

Da uban ya zo makaranta ranar Laraba, Hajiya mai makaranta ta sa aka kira ni ofis. Mutumin bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi, me ya sa aka mayar da mahaifiyarsa da magani. Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Alhaji, wallahi da ta tambaye ni da na ba ta izini nan take. Doka ai don mutane aka yi ta. Rashin tunani ne irin na yaran yanzu." Ranar Litinin ɗin ba ta ma garin, tana Abuja wurin biki. Na buɗe baki na rufe. Ina da haya, ina da ƙanne biyu a makaranta. Na durƙusa na ba Alhaji haƙuri, kuma haƙurin na gaske ne, amma na fita ofishin da wani abu a maƙogwaro wanda shekara uku bai wuce ba. Laifina na ɗauka. Nata kuma har na bar wurin ba ta taɓa ambata ba, ko da wasa.

Bayan wannan na zauna na sake karanta shafi huɗun nan da idon kakar. Sai na ga an rubuta su ne don gida mai mota, mai uwa 'yar boko, mai likitan da za a kira a waya ya sa hannu yau yau. Yawancin iyayenmu kuwa layin asibitin gwamnati suke bi, ganin likita sai ranar kilinik. Littafin saƙo da muke sa wa a jakar yaro, wasu iyaye mata da ajami kaɗai suke rubutu, mu kuma ba duka muke karantawa ba. Na fassara takardar zuwa Hausa, na karanta ta a saƙon murya na WhatsApp, na roƙi a yarda katin asibiti da rubutun jikin kwalba su tsaya a madadin fom na kwana uku, in dai an kira uwa ko uba an ji daga bakinsu. Na kuma ƙara tambaya uku da ake yi a bakin get kowace safiya: ya yi barci, ya ci abinci, ya sha magani? Hajiya ta amince bayan wata huɗu, ta kuma gabatar da su a taron iyaye a matsayin sabon tsarinta. Aka tafa mata. Ni ce na riƙe mata lasifika.

Sauran abubuwan da na rubuta wa magajiyata ba su da tsawo. Katin ɗaukar yaro kada ki sassauta a kansa, ko da wanda ya zo ya ce shi ne uban, domin na ga rabuwar aure ta biyo yaro har get. Uwar da ta makara ba raini ba ne, wataƙila awa ɗaya ta yi tana fama a sa takalmi. Kada ki faɗa wa iyaye abin da yaro ya kasa a gaban sauran iyaye. In an ce miki rukiyya ake yi masa, kada ki yi musu, ki dai tabbatar ba a ajiye maganin asibiti ba. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar keken guragu. Wa'adin ya cika, bayinmu har yanzu da matakala biyu, don haka ki koyi ɗaga yaro da gwiwa, ba da baya ba. Kuma duk umarnin da aka ba ki da baki, ki tura saƙon tes ki ce "kamar yadda kika ce, Hajiya", ki ajiye.

Yaron yanzu shekararsa bakwai, ya koma ajin gaba, tabon yana nan a saman girarsa ta hagu. Kakar takan zo ɗaukarsa jefi-jefi, kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba, sai dai ta ce, "'Yar nan, ya ɗawainiya?" A ƙasan takardar da na bar wa magajiyata na rubuta mata cewa idan an kawo shi ajinta ranar da malamarsa ba ta zo ba, ba ya shan magani a cokali. A ba shi sirinjin ya riƙe da kansa, a juya masa baya, a ƙirga zuwa goma.