Masu tambayar "nawa?" sun fi masu saye yawa

Wallahi yawan masu kallo daban, ciniki daban. Na biya Facebook kuɗin tallar turaren wutana, hoton ya kai har Legas, saƙo sai shigowa yake: "Nawa?" Ki faɗi farashi, shiru kamar an shuka dusa.

Cinikin gaske yana status ɗin WhatsApp. Matan unguwarmu ta Ƙofar Ƙaura da ƙawayensu ne ke turo kuɗi, su aiko yaro ya karɓi kwalba. Bayan isha'i kasuwar ke ci, an sauke tukunya, kowa ta ɗauki waya.

Tun da hukumar kula da harkokin sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin data a farkon 2025, kwastomomina sun rage buɗe dogon bidiyo. Yanzu hoto ɗaya nake sawa, farashi a jikinsa.