Kowa da asusunsa a sabar cibiyarmu ta Samaru

Ina kula da sabar wata cibiyar koyar da kwamfuta a Samaru, wato babbar kwamfutar da kowa ke shiga ya ajiye fayilolinsa. Ubuntu ce a kanta, wani nau'in tsarin Linux, babu linzami, sai baƙin allo da umarni. Lokacin da na karɓi aikin, malamai da ɗalibai duk da asusu ɗaya suke shiga. Idan fayil ɗin wani ya ɓace, ba a san wanda za a tambaya ba.

Da rukuni na fara, wato haɗa asusun mutanen da za a ba izini iri ɗaya. Na ƙirƙiri biyu da `groupadd`, na ɗalibai da na malamai, sannan na buɗe wa kowa asusunsa da `adduser`. A Ubuntu ya fi `useradd` sauƙi, domin da kansa yake yi wa mutum foldarsa ya kuma nemi kalmar sirri. Ina gamawa sai in bi da `chage -d 0`, don mai asusun ya canza kalmar a shigarsa ta farko. Ba na son sanin sirrin kowa. Wannan amana ce da bai kamata ta zauna a hannuna ba.

Wurin da nake jan kunnen yaran da nake koya wa aikin shi ne `usermod -aG`. Wannan ƙaramin `a` ɗin shi ke ƙara rukuni a kan waɗanda mutum yake ciki. Idan aka manta da shi, sai a cire mutum daga sauran rukunansa, har da `sudo`, rukunin masu ikon gudanar da sabar, ba tare da wani gargaɗi ba. Shi ya sa bayan kowane canji nake duba sakamakon da `id`. Kuma sai mutum ya fita ya sake shiga kafin sabon rukunin ya fara masa aiki. Sau da yawa ɗalibi zai zo ya ce, "Malam, har yanzu ta ƙi," alhali fita kawai bai yi ba.

Foldar aikin haɗin gwiwa na ba rukuni da `chgrp`, na sa mata `chmod 2770`, don duk sabon fayil ya gaji rukunin foldar.

Wanda ya kammala karatu ba na goge shi, domin `userdel -r` da fayilolinsa yake tafiya, kuma ɗalibai kan dawo bayan watanni suna neman aikinsu. Rufewa nake yi. `usermod -L` kalmar sirri kaɗai yake kullewa, mai mabuɗin SSH, hanyar shiga sabar daga wata kwamfuta, zai iya shiga, don haka nake haɗa masa da `chage -E 0`, wanda ke ƙarar da wa'adin asusun gaba ɗaya.