Wasiƙa daga Teksas: yaron Koriya da ya cinye gasar fiyano

Jama'ar Gusau, Ƙaura, Bakura da kewaye, assalamu alaikum. Ina gaida iyaye da malamai, da fatan damina ta yi albarka.

Garin Fort Worth da ke maƙwabtaka da mu a nan Teksas, yawanci da shanu da kaboyi aka san shi. Amma yawanci duk bayan shekara huɗu, makaɗan fiyano na duniya kan yo ca a cikinsa don gasar Van Cliburn. Sunan wani makaɗin fiyano ne da ya tashi a jihar, wanda ya je Mosko a 1958, lokacin Amurka da Tarayyar Sobiyet ba sa ga maciji, ya cinye gasar Rashawa a gidansu. Don karrama shi aka kafa wannan a 1962.

Wanda nake son ba ku labari shi ne Yunchan Lim, ɗan Koriya ta Kudu, haihuwar 2004. Yana ɗan shekara 7 ya fara taɓa fiyano. A watan Yunin 2022, yana da 18, ya ɗauki lambar zinare da dala 100,000, kuma ba a taɓa samun mai ƙarancin shekarunsa da ya ci ba. 'Yar Rasha ce ta zo ta biyu, ɗan Yukren na uku, alhali ƙasashensu na tsaka da yaƙi.

Abin da zai ba mutumin gida mamaki shi ne, a nan ba mai zuwa da kiɗan da ya ƙago. Yawanci kiɗe-kiɗen magabata ne da ke rubuce, wasu sun haura shekara 200, ka haddace su, ka zauna gaban maɓallai 88 ka kawo su da ka. To in kowa kayan wasu yake kaɗawa, me ake gasa a kai? Zaɓi da hannu. Mutum 30 ke farawa, a tankaɗe su koma 18, sai 12, sai 6, kuma kowane zagaye da kayansa daban. Tun kafin ka hau jirgi ka riga ka miƙa jerin abin da za ka kaɗa, ba sauran canja shawara don ka ga hannun abokin takara.

A zagayen kusa da ƙarshe ana ba mutum awa guda shi kaɗai. Masu wayo kan gauraya, ga mai zafi ga mai sanyi, don yatsu su sami sararawa. Wannan yaro sai ya ɗauko darussa 12 na Franz Liszt, wato kiɗe-kiɗe masu wuya na horar da yatsu, waɗanda aka fitar da siffarsu ta ƙarshe a 1852, ya jero su kaf a zama ɗaya. Ko manyan gwanaye kan ɗebi biyu ko uku ne su bar sauran. Kasada ce, don da hannu ya sage a na takwas, ba mai cetonsa. A ƙarshe ya haɗu da ƙungiyar makaɗan birnin, ya kawo concerto na uku na Beethoven, wato kiɗan da mai fiyano ke yi tare da ƙungiya, ya rufe da na uku na Rachmaninoff, na 1909, wanda aka yi ittifaƙi yana cikin mafi wuya. Shi ne bidiyon da ya karaɗe YouTube.

Ni dai a wurina ba nan ya fi burge ni ba. Dole ne kowa cikin mutum 12 na zagayen kusa da ƙarshe ya kaɗa concerto ɗaya daga na Mozart, Lim ya ɗauki na 22. Mozart ba shi da hayaniyar da za ka fake a bayanta. Sautin a sarari yake, ɗan tuntuɓe kaɗan kowa ya ji. Saurin yatsa kuwa ya yi arha, yara da yawa a makarantun kiɗa suna da shi, kuma gasa irin wannan ta sha yaye zakarun da aka yi wa tafi shekara biyu aka manta da su.

Shi ya sa na fi sa ido kan abin da ya yi bayan nasara. Bai saki malaminsa Minsoo Sohn ba. Da malamin ya koma koyarwa a Boston, sai ya bi shi can ya ci gaba da ɗaukar darasi, ga shi kuwa manyan zauruka na rububinsa. Mutanen Bakura ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan, tunda Alhaji Musa Ɗanƙwairo ma sai da ya daɗe yana amshi a bayan yayansa kafin ya ja ƙungiya da kansa. A 2024 ne yaron ya fitar da faifansa na darussan Chopin a kamfanin Decca.

An sake gasar a 2025, Aristo Sham ɗan Hong Kong ya ci. Mai son jin na Lim ya tanadi data, don na Rachmaninoff kaɗai ya kai minti 40. Ku nemi wuri mara hayaniya, ku sa abin kunne, lasifikar waya tana cinye ƙananan sautin hannun hagu.

A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Naku,
wani ɗan Gusau a Teksas