Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mana Ranar Da Zuma Ta Tashi

Assalamu alaikum. Yau kwana 9 ke nan da faruwar abin, sai yanzu hankalina ya kwanta har na iya zama in rubuta.

Waɗanda suka san ni sun san ina da amya 3 a bayan gida, irin ta akwati mai jerin sanduna a sama, wadda ake kira ta Kenya. Shekara 2 muna zaune lafiya. Da zafi ya shigo bana, wadda ke jikin katanga ta sauya hali. Uwargida ta daina shanya a wajen, ta kuma faɗa mini har sau biyu cewa kudan na biyo ta har bakin madafi. Na ce a bari lokacin ɗibar zuma ya yi. Wannan jinkiri laifina ne, ni kaɗai.

Ranar Talata da hantsi aka tayar da janareta a bayan katangar, rugugin ya ratsa har cikin akwatin, zuma ta tashi gaba ɗaya. Kafin a ce kwabo ta cika lungunmu.

Godiyata ta farko ga saurayin nan mai A Daidaita Sahu da ya ga 'yar maƙwabcina ta durƙushe a ƙofar gida tana kuka, kudan sun rufe mata kai. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta, ya sungume ta ya yi asibiti, shi kansa ana harbinsa. Kafin su isa fuskarta ta kumbura, numfashi ya fara sarƙewa. Ma'aikaciyar jinyar da ke bakin aiki ba ta tsaya jiran kati ba, ta yi mata allurar adirenalin nan take, sannan ta zauna tana kankare ƙarin da ya maƙale mata a fatar kai ɗaya bayan ɗaya. 'Yar'uwa, Allah ya biya ki da Aljanna. Yarinya ta dawo gida, har ta koma Islamiyya.

Sai Alhaji, mahaifinta. Ragonsa da yake turkawa domin layya yana ɗaure, bai samu damar gudu ba, a nan ya mutu. Na je wurinsa da daddare ƙafafuna na rawa, na kasa haɗa ido da shi. Abin da ya ce mini kawai, "Malam, zauna. Ba kai ka aiko su ba. Amma ka ɗauke su daga cikin mutane." Na kai masa kuɗin rago ya mayar mini, sai da mai unguwa ya sa baki ya karɓi rabi. Alhaji, shekara 11 muna katanga ɗaya, ban san girman zuciyarka ba sai ranar.

Ranka ya daɗe mai unguwa, na gode da ka tare samarin da suka zo da galan ɗin fetur. Ban ga laifinsu ba, ransu ya ɓaci. Amma da an kunna wuta a wannan rani, kusa da zana da tarin kara, da ba amya kaɗai za ta ƙone ba.

Wanda ya fi daɗewa a raina shi ne Baba, dattijon da ya yi rayuwarsa yana ɗora amya a kan ɗorawa da tsamiya. Ya zo bayan sallar isha'i da busasshen kashin shanu na hayaƙi, ya sa na ɗaura jan kyalle a bakin tocila, domin kuda ba ya ganin jan haske. Da muka matso ya ce, "Ɗana, ka ji kamar ƙanshin ayaba? Shi ne gangar yaƙinsu. Duk wadda ta yi harbi tana barin sa a jikinka, sauran su bi." Ya ɗaga murfi a hankali, ya nuna mini saƙa ta cika maƙil, ba masaka tsinke, ga kwarkwasa na hawa ta ƙafar teburin. Ga cunkoso, ga rana na dukan akwatin tun safe, ga abokin gaba, sannan ga rugugin inji. Bai yi mini faɗa ba, nuna mini ya yi da yatsa.

A daren muka toshe ƙofofin amya ukun da raga, muka kai su gonar ƙanensa, fiye da kilomita 5 daga gari, don kada masu fita kiwo su gane hanya su dawo tsohon wuri. Ya ce in mai faɗan ba ta sauko ba zai cire sarauniyarta, ya sa musu saƙa mai ƙwai daga amya mai sanyin hali su reni sabuwa. Sarauniya kan fito a kwana 16, ma'aikaciya a kwana 21, tsofaffin kuma ba sa wuce kamar mako 6 a lokacin aiki, don haka sai na yi haƙurin kusan wata biyu. Ya ƙi karɓar ko sisi, kuɗin mota ma sai da na cusa wa jikansa a aljihu.

Uwargida, kin faɗa ban ji ba. Ki yafe mini.

Duk wanda kuda ya harba a lungunmu ban samu zuwa gaishe shi ba, ina nan tafe gida-gida cikin makon nan, in sha Allahu.