Daga Zariya Zuwa Gindin Dutse Mai Suna Biyu

Har yanzu ƙafafuna ba su huce ba, amma gara in rubuta tun abin yana da zafi. Ni da yayana, malamin labarin ƙasa a wata sakandare a Tudun Wada, muka bar Zariya da asuba, za mu ga dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya. Hanyar Jos zuwa Jalingo babu abin faɗa sai gajiya, in ka cire wani jami'i a shingen hanya da ya zazzage jakata a kan kwalta, ya ga tabarau na hangen nesa ya ce me zan leƙa da shi. Na ce, "Yallaɓai, birai." Ya ɗauka rainin hankali ne. Sai da direba ya sa baki.

A Serti muka yi rajistar shiga gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, kuma shi ne mafi girma a Najeriya, ya ratsa Taraba da Adamawa. Wallahi ban san ƙasar nan tana da wuri irin wannan ba. Ruwan Mayo Kam garai-garai, kana tsaye a gaɓa kana ganin manyan kifaye suna kai da komo a kan duwatsun ƙasa. Na tuna rafin Kubanni na Zariya da leda da robobin da ke yawo a cikinsa, raina ya ɓaci. Mai gadin dajin da ya raka mu ya nuna mana kangon sansanin Jamusawa a ƙauyen Gashaka, don yankin a hannunsu yake kafin Turawan Ingila, sai a 1961 ya shigo Najeriya ta ƙuri'ar raba gardama. Birai masu kama da mutum da ake zuwa dominsu kuwa, kukansu kawai muka ji daga nesa.

Gardamar sunan dutsen ta tashi ne a saman tsaunin Mambila. Daga Mayo Selbe mota ta fara hawa tana nishi, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har gajimare ya koma ƙasa da mu. A Nguroje 'yan acaɓa suka yanka mana kuɗin da a gida zai kai ka Kaduna ka dawo. Na yi ta ciniki, suka ƙi ragi. Da na ga hanyar sai na daina ganin laifinsu. Ita kuwa piya da ayaba kamar kyauta, abin da ake sayar mana ɗai-ɗai a Sabon Gari a can tuli ake yi.

A wata ruga wajen iyakar Kamaru wani dattijo Bafulatani ya sauke mu. Bai tambayi sunanmu ba sai da muka shanye ƙwaryar madara mai ɗumi, ya kuma ba ni bargonsa ganin ina rawar ɗari. Da gari ya washe dutsen ya bayyana, yayana ya miƙe ya ce ga Chappal Waddi, mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsawo a Najeriya. Dattijon ya ce, "Gangirwal dai."

"Baffa, haka yake a littafi."

"To, littafin ya taɓa kiwo a kansa?"

Yaya ba ya barin magana ta faɗi. Ya kawo Dimlang da ke tsaunukan Shebshi, wanda taswira ta daɗe tana kira da sunan Vogel, wani Bajamushe mai yawon bincike. Ya tsallaka Amurka: dutse mafi tsawo a can, a 2015 Obama ya maida masa sunan 'yan asali, Denali, a 2025 Trump ya sake cewa McKinley. Hujjarsa ita ce dole a tsaya a kan suna ɗaya, in ba haka ba yaya zai yi wa ɗalibai maki? Ni dai ina bayan Baffa, kuma misalan Yaya ma shi suke goya wa baya. Wani ya zo daga nesa ya ce dutsen Kufena ba Kufena ba ne, ai Zage-zagi ba za su bari ya gama shan ruwa ba. Sai dai ɗan acaɓanmu, wanda shi ma ɗan yankin ne, ya ce su da duka sunayen biyu suke kiransa, ya danganta da wanda ke tambaya. Nan kowa ya ja bakinsa.

Ba mu hau ƙololuwar ba, don tafiyar ƙasa ce ta kwanaki, sai da masu gadi da 'yan dako. Baffa ya ƙi karɓar ko sisi, har ya ɓata fuska da na matsa.

Mun biya ta gonar shayi ta Kakara, muka kwana a Gembu. Dawowa taya ta fashe mana kusa da Bali. Yaya ya ce zai sa sunayen biyu a jarrabawar zangon nan, amma Chappal Waddi zai fara rubutawa.